Me ya sa sai an shirya wa murjani agaji tun kafin bala'i?

Ka tambaya ko ba za a jira matsala ta auku sannan a tashi ba. Ai murjani dabba ce mai rai da ke girma kamar dutse a ƙarƙashin teku, ba ta jira. Idan guguwa ta kakkarya ta, dole masu ninƙaya su liƙa guntayen da siminti cikin 'yan makonni, in ba haka ba guntayen su mutu. To wa zai ba da izini, wa zai kawo jirgin ruwa, wa zai biya? Wannan ake tsarawa tun ana zaune lafiya.

Jihar Quintana Roo ta Meziko ta burge ni matuƙa. Ta yi wa murjaninta inshora a 2019, aka horas da ma'aikatan ceto. Da guguwar Delta ta afka a 2020, kuɗi suka fito, aka shiga ruwa gyara.