Abin da sojoji ke nema idan an ce an ga wani abu a sama

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa sojoji ke bin diddigin abubuwan da farar hula ke cewa sun gani suna shawagi a sama, in ba don sun san akwai halittun wata duniya suna ɓoye mana ba. Na daɗe ina aikin duba yanayi a filin jirgin sama, irin waɗannan rahotanni sun sha zuwa gabanmu, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Abin da ke hana soja barci tambaya ɗaya ce: wannan abin da ya ratsa samaniyar ƙasata, na abokin gaba ne? A 1947 wani matuƙin jirgi, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa 9 suna tsala gudu kusa da dutsen Rainier a Amurka. Lokacin ana zaman doya da manja da Tarayyar Sobiyet, sai rundunar sojan saman Amurka ta shiga bincike, har aka kai ga shirin Blue Book da ya yi aiki daga 1952 zuwa 1969. An tara rahotanni 12,618, aka gano asalin mafi yawansu, 701 suka gagara. Ni ban raina waɗannan 701 ba, akwai na mutane masu hankali a ciki. Amma rashin gano abu daban, cewa daga wata duniya ya zo daban.

Batun ɓoye-ɓoye kuwa, kana da gaskiya, sun ɓoye. Sai dai kayansu suka ɓoye. Jirgin leƙen asiri na U-2 yana tashi sama da ƙafa 60,000, a zamanin da ba wanda ya zaci jirgi zai kai can. Da magariba ƙasa ta yi duhu, shi kuma rana na dukan fikafikansa, sai a hango abu yana ƙyalli kamar wuta. Masu bincike sun san ko mene ne, amma suka riƙa ce wa mutane yanayi ne kawai. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta amsa haka a 1997. Tarkacen da aka tsinta kusa da garin Roswell na Amurka a 1947 ma, wanda aka yi ta cewa na jirgin wata duniya ne, sai a 1994 sojan sama suka ce balan-balan ne na wani shirin sirri mai suna Mogul, na sauraren gwajin nukiliyar Sobiyet. Wannan ya fi komai ɓata mini rai, domin mutum ya faɗi gaskiyar abin da idonsa ya gani, an mayar da shi mai shirme. Yau ko gaskiya suka faɗa, wa zai yarda?

A wurin aikinmu, balan-balan ɗin auna yanayi da muke saki ya sha tayar da hankalin jama'a. Yana ƙara hawa yana ƙara kumbura, in hasken yamma ya same shi sai ya zama fari fat, kamar an kafe shi wuri ɗaya. Zara matar wata ma haka, in ta sauko ƙasa-ƙasa sai a rantse tana motsi. Yanzu ga taurarin ɗan'adam na Starlink da ke tafiya a jere.

Abin da ke kashe bincike shi ne ƙarancin bayani. Rahoton gwamnatin Amurka na 2021 ya duba abubuwa 144, ɗaya tak aka tabbatar da ko mene ne, kuma ƙorafinsu ke nan. Saboda haka in ka ga wani abu, rubuta lokaci har da minti, da ɓangaren da kake fuskanta, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da ko akwai ƙara. In za ka ɗauki bidiyo kada ka jawo hoton, bar bishiya ko gini ya fito a ciki don a iya kwatanta girma da gudu. Da wannan ake duba jadawalin jirage da na sakin balan-balan, sau da yawa a samu amsa nan take. Ingila ta rufe ofishinta na karɓar rahoto a 2009, amma Faransa na karɓa tun 1977 ta hannun hukumar sararin samaniyarta, kuma tana wallafa sakamakon kowa ya karanta.