Amsa kan Pau Cubarsí

Malam, ka tambaya ko Barcelona ce ta raini ɗan wasanta na baya Cubarsí tun daga tushe. A'a, a Girona ya fara, sai 2018 ya koma La Masia, makarantar horar da matasa ta Barcelona, yana ɗan shekara 11. Ɗan kafinta ne daga ƙauyen Estanyol.

Xavi, kocin Barcelona a lokacin, ya fara saka shi a babbar ƙungiya a Janairun 2024. Ni dai wasan Napoli na watan Maris ne ya sa na sallama masa: yaro ɗan 17 ya hana Osimhen, ɗan wasan gaban Napoli a lokacin, sakat, ga ba da ƙwallo cikin natsuwa kamar tsohon hannu.

A watan ne ya fara buga wa Sifaniya, a wasa da Kolombiya. Kocin Sifaniya De la Fuente bai tafi da shi Euro 2024 ba, amma Cubarsí ya ciyo zinare a Olamfik ta Paris.