Filin Tambaya da Amsa: Wane Haraji Ake Yafewa a Yankin Masana'antu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin matsar man gyaɗa a wajen Ƙofar Ƙaura, da ma'aikata bakwai. Wani dillali ya ce mini idan na sayi fuloti a yankin da aka ware wa masana'antu zan yi shekara biyar ba na biyan haraji. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai dillalin ya faɗa maka wane haraji yake nufi, wa kuma zai yafe shi. Abubuwa uku ya cakuɗa maka wuri ɗaya.

Akwai fegin masana'antu ko na kasuwanci da gwamnatin jiha ke yankawa. Wannan tsarin gari ne: a raba masu injin da gidajen kwana, a kai musu titi da wuta da magudanar ruwa. Zama a cikinsa ba ya sauke wa kowa haraji. Gwamna yana iya rage abin da ke hannun jiha, kamar kuɗin ƙasa na shekara, kuɗin fitar da takardar mallakar fili da rajistar wurin sana'a. Harajin ribar kamfani, da VAT, wato harajin sayen kaya, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, da kuɗin fito na kwastan duk na tarayya ne, gwamna ba shi da ikon yafe su. Kuɗin shago da na allon talla kuwa na ƙaramar hukuma ne.

Sai yankin ciniki maras shinge, wanda hukumar tarayya mai suna NEPZA ke kula da shi a ƙarƙashin dokar 1992. Shugaban ƙasa ne ke ayyana shi, irin na Kalaba, na Fanisau a Kano, da na Maigatari a Jigawa. A nan ne sauƙin yake da yawa: injina da kayan sarrafawa suna shiga ba fito, kamfanin da ya karɓi lasisin hukumar kuma an ɗauke masa haraji. Amma an yi shi ne domin masu fitar da kaya waje. A idon kwastan, cikin katangar nan tamkar wata ƙasa ce, don haka duk jarkar man da ka fito da ita zuwa Babbar Kasuwar Katsina shigo da kaya ka yi, sai an biya mata fito. Ma'aikatanka ma za su ci gaba da biyan harajin albashi ga jiha. Mai sayar wa 'yan tuyar ƙosai da awara a gari ba abin da zai tsinta a can.

Shekara biyar ɗin da ya ambata daga abu na uku ta samo asali. A da hukumar bunƙasa zuba jari ta ƙasa, NIPC, tana ba sababbin masana'antu hutun harajin riba na shekara uku, ana iya ƙara biyu. Sana'a ake dubawa, ba unguwar da take ba. Dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta sauya tsarin: yanzu rangwame ake bayarwa na kashi 5 cikin ɗari na jarin da aka zuba a gini da injina, kowace shekara har shekara biyar. A ce kamfani ya zuba naira miliyan 200, za a rage masa miliyan 10 a shekara daga harajin da ya hau kansa. Ba kuɗi ake miƙa masa ba, kuma sai sana'ar tana cikin jerin da doka ta fifita, jarin ya kai adadin da aka gindaya mata, an kuma nema a rubuce.

Abin da muke so ka fara dubawa shi ne takardarka ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Idan sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, harajin ribar kamfani bai taɓa hawa kanka ba, harajin kuɗin shiga kake biya ga hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, naira dubu 800 na farko a shekara kuma ba a taɓa su. Idan kamfani ne, tun dokar kuɗi ta 2019 wanda cinikinsa bai wuce miliyan 25 a shekara ba ba ya biyan harajin riba, sabuwar dokar kuma ta ɗaga wannan iyaka. Mai yiwuwa abin da dillali ke son sayar maka kana da shi a inda kake zaune. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne su ɗauka wanda aka yafe wa biya an yafe masa kai bayani. Dole kamfani ya miƙa lissafinsa cikin wata shida bayan rufe shekararsa, ko da sifiri zai biya. Idan bai kai ba tara na taruwa, ranar da banki ko mai ba da kwangila ya nemi takardar shaidar biyan haraji sai a rasa ta.

In za ka ƙaura, wuta ce za ta yanke hukunci. Janareta mai ƙarfin kVA 100 yana shan kusan lita 20 na gas a awa idan an ɗora masa cikakken nauyi, wato lita 160 a aikin awa takwas. Ka buga wannan da farashin lita na yau, ka ga ko akwai rangwamen harajin da zai kamo shi. Je ka fegin da ƙafarka da rana tsaka. Dubi ko layin KEDCO mai waya uku ya iso, ko akwai taransifoma ko kai za ka saya, ko tirela za ta iya juyawa a titin da damina. Tambayi mai injin da ya riga ka tarewa awa nawa suke samun wuta.

Tambaya: Ina tara riɗi da zoɓo ina sayar wa masu kaiwa Legas. Idan na kai kayana tashar tsandauri ta Funtuwa, an yafe mini haraji ke nan? Daga wata mai karatu a Daura.

Amsa: A'a, Hajiya. Tashar Funtuwa, kamar ta Dala a Kano da ta Kaduna, tashar jiragen ruwa ce aka matso da ita kusa: a nan kwastan ke duba kaya a rufe kwantena. Lokaci da wahalar hanya take ragewa. Sauƙin haraji yana zuwa ne idan ke da kanki kika fitar da kayan waje. Sai kina da rajistar kamfani, takardar mai fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC, da fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinki, kuɗin cinikin kuma su dawo ta banki. Idan kayanki ba su cika kwantena ba, ku haɗu ku yi ƙungiya mai rajista.

Tambaya: Ana ta sayen filaye a inda ake cewa tashar jirgin ƙasa za ta zauna, wai wurin zai zama unguwar kasuwanci. In saya in gina shaguna? Daga mai karatu a Daura.

Amsa: Layin dogon Kano zuwa Maraɗi gaskiya ne, Malam. An ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021, tsawonsa kusan kilomita 284, ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Amma kusanci da tasha yana da haɗarinsa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyyar kuma ta abin da ke kan filin ce, gini ko shuka ko itatuwa, ba kuɗin da ka ba dillali ba. Wanda ya sayi fili fayau da tsada a gefen da za a faɗaɗa titi yana iya tashi a tutar babu.

Takardar mai unguwa da shaidu tana da amfani, amma ba ta isa ba. Ɗauki lambar fuloti ka sa a bincika a hukumar KATGIS mai ajiye bayanan filaye ta Jihar Katsina: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki, yana cikin wurin da gwamnati ta riga ta keɓe? Idan filin yana da takardar mallaka, cinikin bai kammala ba sai da amincewar gwamna. Sannan ka duba abin da aka rubuta za a yi da shi. Fulotin gidan kwana ba ya zama na shaguna don maƙwabta sun yi, sai an nemi sauyin amfani, hukumar tsara birane ta amince da zanen ginin, ta kuma nuna maka tazarar da za ka bari tsakaninka da titi. Yawancin shagunan da ake shafa wa jan fenti a wannan tazarar suka shiga. Kada a zuba bulo ko ɗaya sai zanen ya dawo da hatimin hukumar.