Kwana a bakin Kogin Kaduna da kwale-kwale lokacin bazara

Ɗan'uwa, ka tambaya ko bazara ta dace da tafiyar kwale-kwale har da kwana a daji. Ta dace, amma da sharaɗi. Watan Maris da Afrilu ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito, wani wurin sai kun sauka kun ja jirgin da hannu. Abin da na fi jiye muku shi ne kwana kan yashin tsakiyar kogi. Ruwan farko kan sauka can wajen Filato, inda kogin ya samo asali, nan ko gajimare babu, cikin dare kogi ya taso. Ku kafa tanti a tudu, ku ɗaure jirgi jikin bishiya.

Ku tafi da masuncin yankin, kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa. Ɓangaren Shiroro kuwa, don Allah ku haƙura da shi saboda 'yan bindiga.