Sababbin motocin bas za su rage mana jira a tasha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gwamnati ta yi shelar za ta gyara sufurin cikin gari, har an nuna hotunan sababbin bas da aka yi oda. Ni kullum sai na yi kusan awa guda a tsaye kafin mota ta zo, kuma an fara ja mini kunne a wurin aiki saboda makara. In saki jiki, ko in fara tarin kuɗin babur?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ci gaba da tarinka tukuna.

Abin da na gaji da ji ke nan, wai matsalar ƙarancin motoci ce, a sayo sababbi magana ta ƙare. Sayen mota shi ne mafi sauƙi a duk harkar, shi ya sa 'yan kwangila da masu son bikin ƙaddamarwa suke rububinsa. Yi lissafi da kanka: idan zuwa da dawowa yana cin awa 2 saboda cunkoso, motoci 12 za su riƙa iso maka duk bayan minti 10. A keɓe musu layinsu a kan titi, tafiyar ta koma awa 1, sai ka ga mota duk minti 5, ba a sayi ko taya ɗaya ba. Dabarar da Kuritiba ta Brazil ta fara a 1974 ke nan, Bogota ta Kolombiya ta bi a 2000, Legas a 2008.

Sai batun direba, wanda ba a cika tattaunawa a kai ba. Muddin sai ya haɗa balas zai ci abinci, ba zai tashi ba sai mota ta cika maƙil, ko da an manna masa jadawali a gilashi. In ya tashi kuma tsere zai yi da ɗan uwansa don kwashe fasinjan gaba. A Landan, hukuma ce ke tsara hanyoyi da kuɗin mota, tana biyan kamfanoni gwargwadon nisan tafiyar da suka yi, ta kuma zaftare musu in sun saɓa lokaci. Sauran biranen Ingila an sakar wa 'yan kasuwa harkar a 1986, Manchester ta fara karɓe tata a 2023.

Gyara kuwa, Allah ya kyauta. Ba kanikawan da suka san injin, ba kayan gyara a ajiye, takardar neman canjin birki sai ta kwana a tebur huɗu. Kafin shekara ta zagayo, za ka tarar da motar a gareji bisa duwatsu, ana kwance kayanta ana ɗaura wa wata.

Don haka in an kira taron jin ra'ayin jama'a, ka je. Ka tambaye su minti nawa ne tsakanin mota da mota, wane titi aka keɓe, yaya za a riƙa biyan direba, nawa aka ware wa gyara a kasafin baɗi. Duk jami'in da ya amsa maka da "ana kan nazari", ka sake tambayarsa a gaban mutane.