Dorothée da yaranmu na Faransa

Ƙanena, tambayarka ta ba ni dariya wallahi, wai wace ce Baturiyar da ƙartin 'ya'yanmu 'yan shekara arba'in suke rera waƙarta a wajen biki kamar yara. Dorothée ake ce mata, sunanta na yanka Frédérique Hoschedé, a Paris aka haife ta 1953. Kai da kake Maraɗi ba lallai ka santa ba, amma nan duk wanda ya yi ƙuruciya tsakanin 1978 da 1997 ya santa, ɗan Bafaranshe ne ko ɗan Balarabe ko namu.

Sirrin abin ranar Laraba ce. Lokacin nan yaran firamare ba sa zuwa lakwal ranar Laraba, shi kuwa aiki ina ruwansa da Laraba, uba ya fita tun asuba ya kama metro, uwa ma wata tana can tana sharar ofisoshi, kuma ba gida ba ne balle ka ce yaro ya leƙa wajen kaka ko ya fita ƙofar gida wasa, ɗaki ne can saman bene an ja ƙofa an kulle. To sai tele ta zama mai reno. Ita ta yi suna da shirin Récré A2 a tashar Antenne 2 a 1978, a 1987 tashar TF1 ta ɗauke ta aka buɗe Club Dorothée, shekara 10 cur ana abu ɗaya. Ita ce mai gabatarwa, ita ce mai waƙa, ga barkwanci ana ta maka wa juna kek a fuska, sai a sako katun na Japan irin su Dragon Ball, yaro ko abinci sai dai ka kai masa gaban tele. Ta taɓa fim ma, mai shirya fina-finai François Truffaut ya sa ta a fim ɗinsa L'Amour en fuite a 1979, amma ba a nan abincinta yake ba, waƙar yara ce ta yi mata rana har ta riƙa cika babban zauren Bercy na Paris.

Ka ce me ya sa ba mu hana ba. An kai ruwa rana fa! Su kansu Faransawan sun yi ca a kan katun ɗin saboda yawan duka da jini, har wata 'yar siyasa Ségolène Royal ta rubuta littafi a 1989 tana caccakar irin wannan tele. Mu tamu damuwar daban ce, ita Dorothée dai ban taɓa ganin ta yi shigar banza a shirin ba, abin da ya dame mu yaro ya haddace waƙarta tsaf amma Ƙulhuwallahu sai in-ina, ka yi masa Hausa ya mayar maka da Faransanci. Shi ya sa muka riƙa haɗa kuɗi muna biyan malami, a tara yara a falon wani ko ɗakin masallaci ranar Laraba da yamma ko Asabar. A gidana doka ɗaya ce, safiya tasu ce, ana yin azahar a kashe tele ko da kuwa Goku, jarumin Dragon Ball, yana tsakiyar faɗa, kuka kam na sha shi.

TF1 ta soke shirin a 1997. Da ta dawo ta yi wasa a zauren Olympia na Paris a 2010, babbar 'yata da kuɗinta ta sayi tikiti, ta zo ta jibge mini jikoki ta yi tafiyarta.