Kanel ɗina ya ƙi tashi a cikin VM

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na harhaɗa kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, a laptop ɗina da make localmodconfig. A laptop yana tashi lafiya lau, amma da na kai shi cikin VM ɗin (kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfuta) da na buɗe da QEMU da KVM sai ya cije, ya rubuto "VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Saƙon nan cewa yake kanel ya farka bai ga diskin da zai hau ba, kuma localmodconfig ne ya jawo maka. Abin da yake yi shi ne ya duba lsmod, umarnin da ke jera modul ɗin da aka loda (wato guntayen kanel irin su direbobi), duk modul ɗin da ba a loda ba a lokacin ya kashe shi. Laptop ɗinka ba ya amfani da virtio, tsarin da VM ke bi don ganin diski da intanet, don haka direbobin da VM ke dogaro da su sun tafi.

Buɗe .config, fayil ɗin saitin kanel, ka nemi CONFIG_VIRTIO_PCI da CONFIG_VIRTIO_BLK da CONFIG_VIRTIO_NET. Na farkon ne ya fi wahalar da mutane. Virtio, wanda Rusty Russell ya rubuta, ya shiga kanel 2.6.24 a 2008, kuma hawa biyu ne: virtio_blk ya san diski, amma virtio_pci ne ke gano na'urar tun farko. Fayil ɗin modules.dep da depmod ke rubutawa bai ɗaure su da juna ba, saboda haka modprobe virtio_blk ba zai jawo ɗan'uwansa ba. Sai ka ga direba ya lodu, amma /dev/vda, wato diskin, babu shi babu dalilinsa.

Sai maganar =y (direba a cikin kanel kansa) da =m (direba a matsayin modul daban). In ka bar direban diski a =m alhali ba ka da initramfs, ƙaramin kunshin fayiloli da ake lodawa tare da kanel kafin ya hau diski, ka kulle makulli ne a cikin ɗakin da kake son buɗewa, domin modul ɗin yana kan diskin da kanel bai iya karantawa ba tukuna. Ni dai a VM ba na jan magana, virtio_pci da virtio_blk da ext4 duk =y nake sa su. In ka fi son =m, sabunta initramfs da update-initramfs a Debian ko Ubuntu, ko dracut a Fedora.

Ka kuma lura, in diskin virtio-scsi ne, zai fito a /dev/sda, kuma sai da CONFIG_SCSI_VIRTIO da CONFIG_BLK_DEV_SD. VirtualBox kuwa, wata manhajar VM, galibi AHCI (na diski) da e1000 (na intanet) yake ba ka.

Gajeriyar hanya ita ce make kvm_guest.config a kan .config ɗinka. In kuma ka nace sai localmodconfig, tada VM ɗin da kanel ɗin Ubuntu na asali, adana sakamakon lsmod a fayil, ka miƙa masa ta LSMOD= sannan ka harhaɗa. Kada ka goge tsohon kanel daga GRUB, menun zaɓar kanel lokacin tashi, sai sabon ya tashi kuma intanet ya kama.